Inna Kulu a Kan Soro

Aikina haɗa sola ne, a cikin Daura da ƙauyukan da ke kewaye. Na shiga gidaje da yawa, na ji surutu iri-iri, amma gidan Inna Kulu ne kaɗai har yau in na bi ta ƙofarsa nake ɗaga kai in dubi soron.

Ita mutuniyar wajen Zango ce, aure ya kawo ta cikin gari. Mijinta dillalin hatsi ne. Ya rasu ya bar mata gidan ƙasa guda da yara maza biyu, Sabiru da ƙanensa Zakiyyu. Ba ta sake aure ba. Ƙuli-ƙuli ta kama, tana suyar gyaɗa tana matsar mai har tafin hannunta ya koma kamar fatar takalmi. Da ribar mai ta sayi tunkiya, daga tunkiya ta kai ga ɗan maraƙi. Tun daga nan ba a rasa sa ɗaure a turkenta na bayan gida. Takan saye shi ƙashi da fata, ta bi shi da dusa da harawa da tunkuza har ya cika ƙofa, sannan a ja shi kasuwar Mai'adua. Da shanun nan yaran suka yi makaranta, da su aka yi musu aure. Babur ɗin Sabiru daga turken ya fito, haka shagon takin Zakiyyu.

Da suka kawo ƙarfi sai suka raba gidan. Rigima ta tashi a kan indararo, wai ruwan soron Sabiru yana zuba a tsakar gidan Zakiyyu. Aka ja katanga, aka daina magana. Masallaci ɗaya suke salla, wani lokaci ma kafaɗa da kafaɗa, amma da an sallame kowa ya nemi takalminsa. Abin takaicin, duk wani ɗaurin aure ko sulhu a unguwar, Sabiru ake tsayarwa ya yi jawabi a kan zumunci. Ya iya kuwa. Har tsofaffi yake sa wa kuka.

Ɗakin Inna Kulu da turkenta sun faɗa a rabon Sabiru. Garken da turken yake ciki yana da ƙofa ta lungun baya. Wata Juma'a maza suna masallaci, ita ta tafi gidan suna, wani ya shigo ya kwance san da ta shekara tana turkawa, ya ja shi kamar nasa. Sabiru ya yi kwanaki yana bayani a majalisa a kan lalacewar zamani. Zakiyyu ya yi nasa a teburin mai shayi. Babu wanda ya ko gyara sakatar ƙofar. Ita ce ta sayar da injin markaɗenta da 'yan awakinta, ta sayo wani ramammen sa, fari mai baƙin kunne. Bayan shi ba ta da komai. Sai ta aika aka kira ni.

"Ɗan nan, an ce akwai wani ido da kuke kafawa, mai ihu in ɓarawo ya zo."

"Akwai, Inna. Kyamara ce. Tana ɗaukar hoto, tana kunna fitila da jiniya in mutum ya matso. Sai dai rana take ci, yadda sanki ke cin dusa. Akwai faranti da za a shanya mata. In bai sha rana ba, batir ya mutu, ido ya rufe."

"Rana ce muka rasa a garin nan?" in ji ta. "Je ka ɗebo."

Na zagaya gidan. Gabas da garken akwai ƙatuwar dalbejiya, yamma kuma benen wani maƙwabci ne ya tokare. Wuri ɗaya ne rana ke zama daga hantsi har la'asar babu abin da ke gitta mata, wato saman soron Inna Kulu. Matsalar ita ce duk wanda ya tsaya a kan soron nan, tsakar gidan Zakiyyu a tafin hannunsa take. A wajenmu kuwa namiji ba ya hawa soro ko bishiya sai an aika wa maƙwabta cewa za a hau sama, mata su shige ɗaka. Magana ce ta numfashi guda. Na sha aika ta, ban taɓa ganin inda ta gagara ba.

Na ce wa Sabiru, "Malam, a aika wajen ƙanenka za a hau sama."

Ya dube ni kamar na zagi ubansa. "Sorona ne. Izinin wa zan nema?"

"Ba izini ba ne, sanarwa ce."

"Wato ni zan fara yi masa magana? Ni na sha nono na bar masa, Injiniya."

"To bari ni in je."

"Yau aiki kake yi a gidana. Bakinka bakina ne."

Inna Kulu tana zaune tana jin mu. Sabiru ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi masa faɗa a gaban baƙo. Babba take ce masa. Ta yafa mayafi ta zagaya gidan Zakiyyu da kanta. Ba ta daɗe ba ta dawo. Wai ya ce ta yi haƙuri, in yayansa yana so a hau, ya tako da ƙafarsa ya yi masa sallama. Ya kuma gargaɗi matansa, Rahama da Kubura, cewa ko wa ya aiko kada wadda ta motsa daga tsakar gida.

Sabiru ya nuna mini jikin katanga, daidai ƙarƙashin dalbejiya. "Kafa a nan. Ai akwai haske, ba dare ba ne."

Na ce masa haske daban, rana daban. Inuwar reshe guda in ta kwanta a gefen farantin nan, ta rage masa ƙarfi sosai, balle bishiya sukutum. Ga damina ta kama, hadari zai riƙa rufe ɗan abin da ke ratsowa. Ya ce ya gani a waya, a ƙasar Turawa ma da ba su da rana abin yana aiki. Ya daɗe yana yi mini karatu. Gida ba nawa ba ne. Na faɗa a gaban tsohuwa cewa ba zai yi ba, na kafa, na tattara kayana.

Bai yi ba. Da farko kyamarar takan farfaɗo da azahar ta mutu kafin magariba. Da aka jera kwanaki ana hadari sai ta ɗauke gaba ɗaya, ta zama ado a jikin bango. A makon ne aka kwashe ragunan wani gida a lungun nasu. Washegari saƙon Inna Kulu ya iso mini: in zo da tsanina da doguwar waya.

Na tarar ta ci ɗamara da gyale. Na ce, "An shirya da Zakiyyu ne?"

"Mace ba ta buƙatar a yi mata shela. Ni zan hau."

"Inna, ba da ni ba. Kin haura saba'in."

"Tun kafin a haife ka nake shanya kuɓewa a soron nan. Ko ka riƙe mini tsani, ko in ari na maƙwabta in hau ba mai riƙewa."

Na riƙe. Ta hau a hankali, tana hutawa a kowane mataki, ina jin numfashinta. Farantin bai fi tire girma ba, na ɗaura shi a ƙaramin ƙarfe mai ƙafa, ta ja shi da igiya. Na bi ta da gutsattsarin bulo a bokiti don ta danne ƙafafun. Daga ƙasa nake ɗaga murya.

"Ki sa bayansa ya kalli Nijar, fuskarsa ta kalli hanyar Kano! Kada ki kwantar da shi, ki bar shi a ɗan kishingiɗe, ruwa ya riƙa gangarewa!"

"Haka?"

"Matsa daga gefen bishiya, Inna. Inuwarta tana zuwa nan da safe."

Hayaniyar ce ta fito da su. Sabiru ya tsaya bayana, hannuwa goye a baya. "Inna, don Allah ki sauko. Me mutane za su ce?"

Daga ƙetaren katanga muryar Zakiyyu ta taso. "Inna, wa ya sa ki wannan aiki? Duk wanda ya sa ki, shi da Allah!"

"Inna, ki faɗa wa mai maganar nan ya iya bakinsa."

"Inna, ki ce wa wancan…"

"Ku yi mini shiru," in ji ta, "kuna firgita mini sa."

Ƙarti biyu, kowa da gemu, suna aika wa juna baƙar magana ta bakin uwarsu, ita tana durƙushe a kan soro tana jan bulo. Babu wanda ya taɓa tsanin.

Kafin la'asar kyamara ta buɗe ido. Ta yi aikinta kuwa. Wata Juma'ar jiniya ta tashi, mata suka fito da taɓare, muka ga hoton wani ya tsallake ƙofa ya bar takalmi. San ya fara cika, wuyansa ya yi kauri, tozonsa ya miƙe. Inna Kulu ta aiko mini da ƙuli-ƙuli a leda.

Sai dai Zakiyyu yana kiwon tattabaru, su kuma suka mai da farantin wurin hutawa. Kashinsu in ya bushe a kai, daidai yake da inuwa. Dole a riƙa gogewa. Na sami kowannensu daban na ce, jimla guda ce, ku faɗe ta in zo in riƙa hawa, ba sai an biya ni ba. Sabiru ya ce zai duba lamarin. Zakiyyu ya ce ƙofarsa a buɗe take. Ita kuwa ta ari tsanin itace a maƙwabta, duk bayan 'yan kwanaki ta hau da tsumma da ɗan ruwa a buta.

A ƙarshen damina, wata safiya bayan an sha ruwa, ƙafar tsanin ta nutse a laka ta zame. Ta faɗo a kan ƙugunta. Mai ɗori ya duba ya ce ya fi ƙarfinsa, sai asibiti a Katsina. Da aka zo maganar abin da za a kashe, Sabiru ya ce tattabarun wani ne suka jawo. Zakiyyu ya ce soron wani ne. Tana kwance a tabarma ta ce a kira mahauta. Aka ba su san da araha, tun bai gama cika ba. A motoci daban-daban 'ya'yan suka bi ta asibitin.

Yanzu tana gida. Ba ta tafiya sai da sanda, suyar gyaɗa ma ta gagara, sai ɓara take yi wa mutane a bakin ƙofar ɗakinta. Kwanan baya Sabiru ya tare ni a hanya, wai in zo in sauko da farantin in mai da kyamarar zaure, ta riƙa tsare masa babur.

Na ce, "Ka aika gidan Zakiyyu za a hau sama."

Ya buga babur ɗinsa ya wuce.

Ranar na leƙa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, idon nan yana gani har yanzu?"

"Yana gani, Inna. Ruwan ƙarshe ya wanke shi, rana kuma tana samunsa sosai."

"Me yake gani?"

Na buɗe wayata na miƙa mata. Hoton ya fito tas. Ga turke, ga guntuwar igiya, ga kwamin dusa a kife. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini wayar ta jawo kwaryar gyaɗarta.

"A bar shi ya tsare turken," in ji ta. "In ya rufe ido, Babba da ƙanensa sai sun kai juna kotu a kan itacen turken nan."