Ni na samu azurfa, shi ake kira

Ana sallame asuba kar ɗinmu ta bar tashar Damagaram ta miƙi hanyar Agadas. Mu biyu ne, ni da wani abokina da muka yi lakol tare. Shi dangin mahaifiyarsa zai gaido. Ni kuwa aiki ya kai ni: wata ƙungiyar maƙeran azurfa ta sa na yi mata shafin intanet, inda masu saye na nesa za su ga hotunan zobba da sarƙoƙi su zaɓa, tunda baƙin da ke zuwa har ƙofar maƙera sun ja baya. Suna son shafin ya tashi kafin taron makiyaya na Ingall. Shugabansu ya ce mini ta waya, ranar da ya ga kayansu a kan ekaran, wato fuskar na'ura, zai ba ni kuros ɗin Agadas, abin wuya na azurfa da ya ƙera da hannunsa. Ni kuma a raina abin da nake so ya fi kuros: ina so in zama mutumin da suke kira kullum.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, a aji ni ne na ɗaya, abokin nan kuwa a bayana yake zama yana leƙen takardata. Yau gyaran ordinatar, wato kwamfuta, yake yi a wani ɗan shago. Ban taɓa ɗaukarsa tsarana a wannan aiki ba.

Kafin Tanut na ciro kile, ƴar ma'ajiyar bayanai da ake sokawa a ordinatar, daga aljihu na nuna masa. Na ce na ji rezon intanet a can sai a hankali, saboda haka na kwafo aikin gaba ɗaya, har da dosiyen bibliyotek, wato ƴan guntayen shirye-shiryen da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda shafina ke dogara da su. Kwana uku na yi ina nemowa ina haɗa su. Ya saurara, sannan ya tambaye ni wace irin na'ura ce da su.

Na ce, "Kai, ordinatar ai ordinatar ce." Ya ce to, ya jingina kansa da gilashi.

Bayan Tanut gudiron, wato kwalta, ya fara zuwa yana ɓacewa, direba na kaucewa rami yana faɗawa wani. A Aderbisinat mata suka kewaye kar da cuku fari tas. Ni aka ce mini ɗari biyar ɗaya. Abokina ya yi musu gaisuwa da ɗan Tamashek ɗin da ya tsinta wajen kakarsa, sai ga shi da uku a kan kuɗin nan har da gyara. Nan na fara jin wani abu a ƙirjina, amma na ɗora laifin a kan cukun.

Mun shiga Agadas da la'asar sakaliya, hasumiyar masallaci ta yi ja a rana. Gidan kawunsa muka sauka, cikin tsohon gari, inda lungu ke da ƙunci har mai moto sai ya tsaya wa mai jaki. Aka kawo tuwon gero da miyar malohiya, da dabinon Bilma mai tauri da daɗi. Shayi kuwa sau uku ake zubawa, wanda ya tashi a na biyu ya yi rashin kunya.

Da hantsi muka je wurin maƙeran. Ɗaki ne dogo, ana hura wuta a gefe guda, a ɗaya gefen tebur da wata tsohuwar ordinatar an lulluɓe ta da zane. Shugaban dattijo ne mai rawani baƙi, yatsunsa duk tabon wuta. Ya tara mutanensa, ya ce ga injiniyan Damagaram ya iso. Na yaye zanen na kunna. Tawa Windows ce, tasu Linux, tsohon yayi ma.

Duk da haka na soka kile, na kwafe, na ba da umarni. Jan rubutu ya cika ekaran. Na sake. Jan rubutun ya dawo, bai rage ko layi ɗaya ba. Bibliyotek ɗin da ke rage girman hotuna ita ta ƙi tashi, shafin kuwa in babu hoto ba shi da amfani. Na kashe na kunna, na kwafe sabo, na ce ƙila kilen ne. Maƙera suka koma bakin wutarsu ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya dai sa aka ƙara mini shayi, abin da ya fi faɗa ciwo.

Sai da aka kusa azahar abokina ya matso, ya ce in ba shi wuri ya karanta. Karantawa kawai ya yi, layi bayan layi, abin da ni ban tsaya na yi ba. Ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa don kada a ji: wannan bibliyotek tana da wani sashe da ake ginawa daidai da tsarin kowace na'ura, wanda na kawo an gina shi ne don tawa, tasu ba ta san shi ba. Dole a goge dosiyen, a sauke sabo a kan ita kanta.

Na ce, "Kwana uku fa na yi a kansa."

Ya ce, "Na sani, mutumina. Amma ba nata ba ne."

Da dannawa ɗaya ya goge. Ya haɗa ordinatar da portabul ɗinsa, wato wayar hannu, ya ɗora portabul ɗin a taga inda rezo ya fi kamawa. Bayan salla aka ci karo da wata matsalar: sabon bugun bibliyotek ɗin ya fi ƙarfin tsohon tsarinsu. Ya buɗe jerin bibliyotek ɗin da na rubuta, ya mayar da ita bugun baya, ya sauke kayan ginin da na'urar ta rasa, ya bar ta ta gina sashen da kanta. Ina tsaye a bayansa ina leƙen abin da yake rubutawa, sai na tuna ajinmu, na ji kunya ta rufe ni.

Kafin la'asar hoton wata sarƙa ya bayyana. Wanda ya ƙera ta ya ajiye guduma ya zo yana dariya. Ni ban iya dariya ba. Kishi nake ji, kishi tsagwaronsa, har na yi fatan hoto na biyu ya ƙi fitowa. Ya fito. Abin da ya ƙara ƙona ni, abokina ya shaida musu cewa aikin duk nawa ne, shi ƙofa kawai ya buɗe. Da ya yi fahariya da na samu abin riƙewa.

Dattijon ya cika alkawari. A gaban kowa ya sa mini kuros ɗin a tafin hannu, ya sa mini albarka. Sannan ya juya, ya miƙa wa abokina portabul ɗinsa.

"Ɗana, sa mini lambarka. In ta sake yin ja, kai zan nema."

Washegari muka leƙa kasuwa, na sayi kantun gishiri da dabino na tsaraba, kashegarin ranar muka kamo hanya. Tsakanin Agadas da Tanut sau biyu wayarsa ta yi ƙara, duka dattijon ne, yana tambayar yadda ake ƙara hoto. Wannan sashen ni na rubuta shi. Sai abokina ya rufe wayar da hannu ya tambaye ni, in faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa dattijo.

Mun iso gida lafiya. Maiɗakina ta ga kuros ta yi ta yabawa, ta ce lalle an san darajata a Agadas. Na bar ta a haka kwana biyu kafin na ba ta labarin yadda aka yi. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa: kafin ka kwashi bibliyotek ka kai wa wata na'ura, ka san tsarin da take kai, in ta yi ja kuma ka karanta. Tambayar da za ta cece ni an yi mini ita tun kafin Tanut, na ƙi ji saboda bakin da ta fito. Kuros ɗin yana rataye bisa teburina. Jiya ma dattijon ya kira, ba ni ba.