Hammatar Ganye

Shekarun baya can, tun muna Jihar Arewa maso Gabas, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyarwar gwaji wata firamare a Jimeta. Ƙa'idar ita ce, malaminmu zai zo rana ɗaya ya zauna a bayan aji ya ga yadda kake koyarwa. In ya gamsu ka wuce, in bai gamsu ba ka maimaita shekara. Shi kuwa wanda aka haɗa ni da shi, ko murmushinsa sai an yi sa'a ake gani.

Darasin da ya faɗo mini shi ne sassan tsiro, kuma da Hausa, don 'yan ajin ƙanana ne. Sunayen nan duk na haddace su da Turanci, har ina yi wa abokai burga da su. Amma da na zo mayar da su Hausa, sai na ƙare a biyar: saiwa, kara, ganye, fure, 'ya'ya. Na samo kwali na ja layuka, ƙarƙashin kowanne na jera abin da muke ci. Ƙarƙashin saiwa na rubuta rogo da dankali da gyaɗa. A lissafina ai duk tono su ake yi.

Lokacin ina zaune wurin goggota, ƙanwar mahaifina, a Yolde Pate, kullum in buga keke zuwa Jimeta. Ba ta taɓa shiga aji ba. Fulatanci ne harshenta, Hausar ma a kasuwa ta tsince ta. Tun da na shiga kwaleji ta laƙaba mini Modibbo, wato babban malami, ni kuma don rashin wayo na ɗauka girmamawa ce.

Ana saura kwana biyu malamin ya zo, bayan la'asar na jingina kwalina da bango ina gwaji, kaji ne 'yan ajina. Ita tana gefe tana tankaɗe. Sai na ji ta tsaya.

"Modibbo, sake faɗa. Gyaɗa shi mene ne?"

"Saiwa, Goggo."

"Wane ya gaya maka?"

Na ce, "Goggo, wannan fa ilimi ne."

Ta karkaɗe hannu ta ce, "To ilimi ya sa takalmi, mu je gona."

Na bi ta ina ta ƙunƙuni. Gonar a bayan gida take, ƙarshen damina ne, gyaɗar ta yi 'ya'ya amma da sauran fure nan da can. Ta tsuguna ta buɗe wani reshe, ta nuna mini daidai inda ganye ya rabu da kara, wani ɗan lungu da ban taɓa kula da shi ba.

"Ka gani? Fure a hammatan ganye yake fita. In ya bushe, sai ya miƙa yatsa, yatsan ya sauka ya shiga ƙasa. A bakin yatsan ne gyaɗa yake zama. Saiwa shi aikinshi shan ruwa."

Ta tuge ɗaya a hankali ta kaɗe ƙasar. Wallahi haka ne. Kowace gyaɗa tana rataye da ɗan siririn yatsanta, shi kuma daga reshe ya sauko. Saiwar tana tsakiya ita kaɗai, babu komai a jikinta sai 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana kamar gero. Daga nan ta bi karan tana nuna mini: nan gaɓa, nan ido, daga ido toho ke fitowa. Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Ai kusan haka nake nufi." Sai ta miƙo mini gyaɗar.

Ranar gwaji na bar kwalin a gida, na ɗauro tushen gyaɗa huɗu a bayan keke. Na raba wa yara, na ce kowa ya ɗaga hannu ya nuna mini hammatarsa. Aji ya kaure da dariya. Na ce to, kowa ya nemo hammatar ganye. Nan da nan suka samo, suka bi yatsa har zuwa kwanso. Na saci kallon malamin, na ga ya ajiye biro yana leƙen gyaɗar da ke hannun yarinyar kusa da shi.

Bayan an tashi ya kira ni. Ya ce na wuce. Sannan ya ce kalmar da littafin Turanci ke kiran wannan lungun da ita, asalinta ma hammata take nufi, kuma ya daɗe yana neman Hausarta bai samu ba.

"A ina ka samo wannan fassarar?"

Na ji tsoro. Gani nake in na ce daga tsohuwar da ba ta san bihim ba ne, zai sake duba makin da ya ba ni. Na ce, "Ni na zauna na fassara, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya rubuta kalmar a ɗan littafinsa, ya rubuta sunana a gefenta.

Da na koma gida Goggo ta tare ni tun daga ƙofa. "Modibbo, an ci?" Na ce an ci. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ba ta tambaye ni komai ba bayan haka, ni ma ban ƙara komai ba.

Na yi shekaru ina koyar da darasin nan, ban taɓa koyar da shi ba tare da hammatar ganye ba, kuma duk wanda ya yaba sai in yi murmushi in karɓa. Kullum ina cewa wata rana zan gaya mata abin da malamin ya ce, don na san da ta yi sati tana tsokanata. Ban gaya mata ba har Allah ya karɓi abarsa. Abin yana damuna har yau, ba don ƙaryar ta yi girma ba, sai don babu abin da gaskiyar za ta rage ni da shi.

Shi ya sa nake faɗa muku yanzu, ko da an makara. Fassarar nan ba tawa ba ce, ta goggota ce. Allah ya jiƙanta.