Ruwan da Muka Yi Maka Wanka da Shi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina, bakaniken unguwarmu, bayan doguwar jinya. Na girme ka nesa ba kusa ba, ɗan'uwana, amma ga shi ni ke rubuta ta'aziyyarka. Na gaji da rakiyar waɗanda na zaci su za su raka ni.

Ina tuna shekarar da wutar lantarki ta ƙaurace mana, famfon rijiyar masallaci ya tsaya, ruwan alwala ya gagari tsofaffi. Ka ciro injin wata matacciyar mota da giyabos ɗinta, ka girke su a kan ƙarafa a ɗakin bayan masallaci, ka haɗa su da janareta. Da na nuna shakka, ka yi dariya ka ce, "Malam, har yanzu mota ce, ba ta san an cire mata ƙafafu ba." Tun daga ranar kai kaɗai ke tayar da ita, kullum bayan asuba, ko da ciwo ya fara cin ƙarfinka.

Ranar da ka rasu, muka tarar tanki a bushe. Maza suka yi ta murza makulli, injin ya yi gurnani ya mutu, batir yana ta raunana. Kana kwance cikin gida, azahar na matsowa, ba mu da ruwan wankanka. Na zauna bakin ƙofar ɗakin injin.

Sai maiɗakinka ta yi magana ta bayan katangar gidanka da ke jikin masallaci, muryarta a dushe: "Ku taka kuloci tukuna. In ta ɗumama, ku sa giya lamba huɗu, ku saki a hankali." Ba ta taɓa shiga ɗakin ba, shekara da shekaru tana jin ka daga tsakar gida. Mu kuwa mun manta ka ce har yanzu mota ce, muna neman tayar da ita da nauyin janareta a kanta.

Ruwa ya zo. Da shi muka yi maka wanka, da shi jama'a suka yi alwalar sallarka.

Ya Allah, bawanKa ya shayar da mu. Ka gafarta masa, Ka shayar da shi daga tafkin AnnabinKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina yi wa maiɗakinsa da 'ya'yansa ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.