Bakin da Malam Abdulsalam Ya Ara wa Bahago

Ka taɓa zama ka ƙirga Asabar nawa ce a cikin shekara takwas? Ɗari huɗu da goma sha shida ce. A cikinsu, ɗari biyu da tamanin da bakwai Malam Abdulsalam ya yi su ne a kan benci ɗaya, a shagon askin Zakka da ke Ƙofar Ran, daga bayan La'asar zuwa dab da Magariba.

Malamin Turanci ne a wata firamare mai zaman kanta a GRA, shekararsa arba'in da ɗaya. Daga gidansu a Ƙofar Wambai zuwa makaranta keken haya biyu yake hawa, irin mai ƙafa uku. Azuzuwa uku yake shiga, yara ɗari da goma sha huɗu, kowanne da littafin da sai jan biro ya bi ta kansa. Kafin Juma'a muryarsa ta dishe.

Aski ne ya fara kai shi shagon. Ya tarar da magidanta huɗu sun zuba wa talabijin ido, ana nuna irin katun ɗin Japan da ake kira anime. Maganar Japananci ce, rubutun Turanci kuma yana gudu a ƙasan hoto, kafin a haɗa baƙi biyu ya wuce. Kabiru mai keke ya juyo ya ce, "Malam, don Allah me ɗan jar rigar nan ya ce?" Ya faɗa masa. Aka tambaye shi na gaba, ya faɗa. Ranar sai da ya kwashe minti hamsin, rabin kansa a aske.

Labarin na marayu biyu ne da wata tsohuwa maƙeriya ta raina a bisa dutse, kuma ɗaya kaɗai zai gaji gudumarta. Sunayensu na Japan sun ƙi zama a bakin kowa, sai shagon ya raɗa musu nasa. Mai surutu da dariya ya zama Jar Riga. Miskilin da ke faɗa da hannun hagu ya zama Bahago. Masu zuwa kullum mutum goma sha ɗaya ne. Goma suna bayan Jar Riga. Zakka kaɗai, mutumin Bogoro mai sanyin magana, ya tsaya wa Bahago.

"Wanda ba ya surutu, aiki yake yi," in ji Zakka.

"Aikin mugunta ba," in ji Kabiru. "Oga Zakka, kai ko ɓarawo aka kama da akuya a kafaɗa, in dai bai yi magana ba sai ka ce waliyyi ne."

Malam Abdulsalam bai ɗauki aikin da wasa ba. Duk Juma'a in an tashi yara, sai ya zauna a ɗakin malamai ya kalli sabon kashi a wayarsa, ya rubuta kalmomi masu wuya a wani littafi mai shuɗin bango. Kashi ɗaya minti ashirin da uku ne, amma a shago yana cin hamsin da biyar, saboda ana tsayarwa ya fassara, a yi gardama, a ci gaba.

A kashi na goma sha tara ya fara kauce hanya. Bahago cewa ya yi ba ya buƙatar taimako. Malam, da gajiyar kwana biyar a wuyansa, sai ya kumbura murya ya ce, "Kai ɗan gidan uban wa ne da za ka taimake ni?" Shagon ya kece da dariya. Zakka ya murtuke. Kwana biyar Malam yana magana a aji ba wanda ya saurare shi haka. Da ya koma gida ya buɗe littafin ya ɗiga jan biro a gefen wurin, wai don kada ya sake. Ɗigon nan sai da ya kai ɗari da sittin da uku, kuma duk a kan Bahago suke.

Mafi muni na kashi na arba'in ne. Gada tana ci da wuta, abokan gaba na tafe, Bahago ya ce wa Jar Riga, "Wuce, ni zan tsaya. Dole ɗayanmu ya koma wurin tsohuwa." Malam ya mayar da ita, "Wuce ka ba ni wuri, na gaji da ganin fuskarka." Kabiru ya haddace ta. Shekara bakwai da ita yake gaida Zakka, ko a hanya suka haɗu sai ya leƙo daga keke ya jefa masa. Zakka ba ya cewa komai sai, "Akwai abin da ba mu gane ba tukuna."

Da aka sanar saura kashi goma a gama, Malam ya ji daɗi. Ya gaji. Ya yi wa matarsa Sauda alkawarin duk Asabar ɗin da za ta biyo baya tata ce da yara. Ya riƙa ƙirga kashin da suka rage: tara, takwas, bakwai.

Ranar Juma'ar ƙarshe ya kunna wayar a ɗakin malamai. A minti na goma sha shida Bahago ya mutu wajen kare Jar Riga. Jar Riga ya koma bakin waccan gada, aka sake nuno tsohon hoton, wuta na ci, Bahago na magana. Sau uku aka maimaita. Jar Riga ya durƙusa yana nanata kalmomin, yana kuka har minti huɗu. Malam ya kife wayar a kan tebur. In ya maimaita ƙaryarsa, kukan ba zai yi ma'ana ba. In ya faɗi gaskiya, mutum goma sha ɗaya za su san shekara takwas yana musu sauyi a magana. Hanya ta uku ita ce ya ce ba shi da lafiya. Ya ɗauki wayar don ya kira Zakka sau biyu, yana ajiyewa.

Ranar Asabar mutum goma sha tara suka cika shagon da ke ɗaukar tara. Liatu, matar Zakka, ta aiko da zoɓo jarka biyu. Zakka ya rataye injin aski ya ce yau ko ango ne ya zo sai dai ya jira.

"Oga Zakka, ka tanadi hankici?" in ji Kabiru. "Yau asirin mutuminka zai tonu."

"Sha zoɓonka, na matata ne, ba na Jar Riga ba."

Minti goma sha biyar na farko Malam ya fassara su daidai, kalma da kalma, muryarsa ba ɗagawa. Bahago ya faɗi matacce. Sai ga gada, sai ga wuta. Kafin Malam ya buɗe baki Kabiru ya riga shi: "Wuce ka ba ni wuri, na gaji da ganin fuskarka!" Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin Jar Riga ya durƙusa yana kuka.

Mahfuz tela, wanda ba ya yawan magana, ya ce, "To kukan me yake yi? Mutum ya tuna an zage shi, kuma ya zauna yana kuka haka?"

Malam ya ce a tsayar. Ya ciro littafin ya ɗora a gwiwa.

"Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi, wuce, ni zan tsaya, dole ɗayanmu ya koma wurin tsohuwa. Tun wancan lokacin haka ya ce. Ni na sauya."

"Kuskure ka yi ke nan," in ji Mahfuz.

"Ba kuskure ba ne. Ina sane. Ga su nan da jan biro, wuri ɗari da sittin da uku."

Kabiru ya ajiye kofinsa. "Haba Malam. To ni ƙaryarka nake ta yi wa dattijo ihu da ita a titi?"

Zakka bai yi murna ba, ko da yake shi ya ci gardama. Ya karɓi littafin yana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, yana sa yatsa a kan kowane ɗigo, duk da ba ya iya karanta rubutun. Can ya ce, "Ticha, shekara takwas ina faɗa a kan mutumin nan, ashe ban taɓa jin muryarsa ba. Taka nake ji."

"Ka yafe mini, Oga Zakka."

"Yafiya ba wuya. Amma sai ka mayar mini da maganarsa. Duk wurin da ka ɗiga, mu koma ka faɗa mini abin da ya ce."

Aka ƙarasa minti bakwai da suka rage ba gardama. Jarka ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba.

Sun yi shawarar komawa wuri huɗu duk Asabar, wato Asabar arba'in da ɗaya. Sauda ta ji bayani ta ce, "Allah Ya ba da haƙuri," kuma ba ta faɗi wa za a ba ba. Kabiru bai sake zuwa ba, ya ce an ɓata masa labari gaba da baya. Yanzu mutum uku ne ke zama: Malam, Zakka da Mahfuz. Sun kai wuri na hamsin da shida. Ba mai dariya. Malam yana karantawa da disasshiyar murya, Zakka ya gyaɗa kai ya ce, "Na gaba."

Kafin ka yanke wa Malam hukunci, don Allah ka gwada abu ɗaya. Nemo fim da mutum biyu ke gaba da juna, wanda kake son ɗayansu. Zaunar da wanda ba ya jin yaren, ka ajiye agogo a gabanka, ka faɗa masa maganar kowa yadda take, ba ƙari ba ragi. Ka rubuta minti nawa ka kai.