Hancin Kawu

Ni fa tun farko ban ce zan shiga maganar nan ba, jawo ni aka yi. Ina zaune a majalisarmu ta bakin titin Panshekara, ina jiran mai adaidaita sahun da nake karɓa in ya gaji ya kawo mini makulli, sai Umma ta aiko wai in zo yanzu-yanzu. Na je, ko zama ban yi ba ta ce, "Tashi ka bi kawunka, zai ari hancinka."

Na ce, "Umma, hanci kuma? Kwancewa ake yi kamar taya?"

Ta ce tunda jarabawa ta ƙi ni, sana'a ta ƙi ni, gara a mori ɗan abin da ya rage yana aiki a jikina.

Kawun nan ƙanin Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina rarrafe yake aiki a wani kamfanin fata a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa fata a kemikal ana kankare ragowar nama da kitse. In ka taɓa bi ta wajen da azahar ka san zancen, fasinja har salati suke yi suna toshe hanci da mayafi. To shi Kawu a ciki yake wuni, har hancinsa ya gaji ya ajiye aiki. Ba ya jin komai. Akwai ranar da gefen rigarsa ya kama da wutar maganin sauro, sai da zafi ya taɓa cinyarsa ya sani. A masallaci kuwa, duk cikar sahu, shi ana bar masa wurin mutum biyu, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Ya auro wata 'yar Hotoro, mu muna ce mata Anti. Mace mai tsabta, irin masu wanke sabulu kafin su yi wanka da shi. Ba a daɗe ba ta yi yaji. Aka je biko, aka dawo da magana ɗaya tak: ta ce warin ne ba za ta iya ba. Kowa a dangi ya gane warin da take nufi. Kawu kaɗai ya leƙa bayan gidansa, ya ga lambatun da ke kwaso baƙin ruwan kamfanoni, ya ce, "Ga mugun nan!" Ya taɓa kai saƙo gidan wani manaja a Bompai, ya ga bishiyoyi masu farin fure, maigadi ya ce masa ƙamshinsu har titi. Shi ke nan ya rantse sai ya mayar da tsakar gidansa haka, matarsa ta dawo. Matsalar ɗaya ce, ba zai san mai ƙamshi da marar ƙamshi ba. Nan na shigo.

Na ɗauke shi a adaidaita muka tafi wajen masu sayar da fulawa a bakin titin Bompai. Ni ina gaba yana baya, iska tana kaɗo shi zuwa kaina, ga shi ya yi wanka ya sa kayan Juma'a. Tun a nan na san aikin banza za mu yi. Amma wa ya tambaye ni? Hanci aka ara, ba baki ba.

Duk tukunyar da ya ɗaga sai ya tura mini a fuska. "Wannan fa?"

"Wannan ƙamshin takarda take yi, Kawu."

Mai fulawar ya so ya liƙa masa wata ja jawur, yana rantsuwa wai turaren Makka ma albarka. Na shinshina, na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, gara a cuci makaho, shi ko ba komai zai shafa ya ji." Muka sayi yasmin, da wata wai sarauniyar dare. Mai farin furen kuwa, wadda Kawu ya gani a gidan manaja, mutumin ya ce sunanta firanjifani, ya faɗi kuɗin da ya sa Kawu ya ajiye tukunyar a hankali kamar jaririn wani.

Maƙwabciyarsa ce ta fitar da shi. 'Yar Kudancin Kaduna ce, tana aiki a kamfanin roba a Sharada, kowa Madam yake ce mata. Ta ce bishiyar nan cike take a harabar cocinsu. Ranar Lahadi ta dawo da rassa masu kauri kamar hannun yaro, ba ganye ko ɗaya, farin ruwa kamar madara yana ɗiga daga inda aka sare. Ta ce a ajiye su a inuwa bakin ya bushe tukuna, sannan a binne, kada a cika ruwa, kada a dame su.

Kawu ya bi layi ya kakkafa su a tsakar gida. Wallahi in ka shiga sai ka ce turakun awaki ne, awakin aka sace. Kafin magariba labari ya kai majalisa, ni na kai shi. In zai wuce sai wani ya ce, "Baba, ya gona? Sanduna sun yi 'ya'ya?" Wani ya ce in ya samu iri mai kyau ya taimaka masa da na taɓarya. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Za ku gani."

Sai dai ba shi da haƙuri. Kullum da asuba yana tsugune gaban sanda yana leƙen kanta. Da ya ga shiru, wani abokin aikinsa ya ce masa ai babu takin da ya kai abin da suke kankarewa daga jikin fata, ga shi kyauta, zubarwa ake yi. Buhu-buhu ya ɗauko, a adaidaitar da nake karɓa kuma. Sai da na wanke ta da omo har hannuna ya yi fari, duk da haka wata mata ta shiga ta fita, ta ce in faɗi gaskiya gawa na ɗauka ko me. Ya haƙa rami a gindin kowace sanda ya binne, ya bi da ruwa, ga zafin bazara.

Bayan 'yan kwanaki na yi sallama, na dawo da baya da gudu. Na ce daga soro, "Kawu, ku tone abin nan. Gidan nan ya fi kamfaninku."

Ya ce ƙarya nake, lalaci ne, don kada a ce in sake ɗauko buhu. Bai tsaya nan ba, ya je ya faɗa wa Umma wai ina yi wa aurensa baƙin ciki. Umma ta wanke ni tas a gaban ƙannena, ta ce in ba zan faɗi alheri ba in rufe bakin nan nawa mai kama da murfin masai.

To, alheri ake so? Na ce an gama.

Washegari ya ce, "Yau fa?" Na cika kumatu da iskar waje, na shiga, na lumshe ido. "Kawu, Aljanna." Ya ce ai fure bai fito ba tukuna. Na ce irin na masu kuɗi ne, daga saiwa yake fara ƙamshi. Ya ce ya ga ƙudaje sun yi yawa. Na ce, "Ku da kanku in kun ji abu mai kyau ba za ku zo ba?"

Na kwaso 'yan majalisa, muka mayar da abin gasa: wanda ya fi daɗewa a ciki bai yi kakari ba, a saya masa indomi da ƙwai. Su shiga ɗaya bayan ɗaya, su ja numfashi, su ce, "Masha Allah, Baba, wannan ai sai amarya." Idonsu na hawaye, shi yana cewa yaran nan akwai tausayi. Har shayi ya dafa mana. Ina ganinsa a kan tabarma a tsakiyar sandunan, yana cin ɗumame, koren ƙuda ya yi masa rawani, yana tambayata ko a aika wa Anti yanzu ko a bari ya ƙara kamawa. Na ce a bari ya ƙara kamawa.

Madam ce ta ɓata mana wasa. Ta faɗo gidan da tsumma a hanci, tana cewa yaranta sun kasa cin abinci, karnukan unguwa sun tare a ƙofarta. "Oga, me ka binne? Mutum ka kashe?" Ta fizgi fartanya ta tona gindin guda, ta nuna masa abin da ke motsi a ciki. Hanci ne ya mutu, ido yana nan. Kawu ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ɗago ya kalle ni.

Na ce, "Ai na faɗa muku tun farko, kuka kai ni ƙara."

Ya karɓi fartanyar. Shi kaɗai ya kwashe abin nan da hannunsa, ya canja ƙasa. Yasmin ta mutu, sarauniyar dare ta bi ta, sandunan ma yawanci sun ruɓe daga ƙasa, ka taɓa su lotse kamar ayaba. Biyu suka tsira. Na ɗauka korata zai yi, amma ina! Da safe sai ga yaro wai in zo. Ba shi da wani hancin.

Da ruwa ya sauka sai ga ganye a kan sandunan nan, dogaye, kore shar. Madam ta ƙaro masa wasu manyan rassa, ya sake sayen yasmin, Umma ta ba shi dashen lalle. Can cikin damina fure ya buɗe, fari fat, tsakiyarsa ruwan ƙwai, kamar an zana. Ni da nake zuwa neman abin dariya, na shiga wata la'asar na tsaya cak. Gidan nan ƙamshi yake yi na gaske, har ya danne lambatun.

Ya ce, "Yau fa?"

Na ce, "Kawu, wallahi yau da gaske ne."

Ya ce, "Haka ka ce wancan karon."

Ya kira Madam, ta ce gaskiya ne. Bai yarda ba, ya ce ko tausayinsa take ji. Ya tare wata yarinya mai tallan gyaɗa ya ce ta shigo ta shinshina, ta ce ƙamshi, ya saye gyaɗar duka. Da suka tafi ya jawo ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, wai in gaya masa kamar me yake. Na ce kamar Hajiya ta wuce ka a mota mai sanyi gilas a buɗe. Ya ce bai gane ba. Na ce kamar sabulun da ba a sayarwa a unguwar nan. Ya tsinki ɗaya ya danna a hancinsa yana ja, yana ja, har furen ya dagargaje ya bar masa ɗigon rawaya a gashin baki. Ya ce, "Kamar na ɗan ji." Na ce, "Majina ce, Kawu."

Ranar da aka sa za a zo ganin gidan, ni na je Hotoro na ɗauko Anti da yayarta, wata doguwa mai carbi wadda ta gaji da ciyar da ƙanwa. Kawu ya share tsakar gida har ƙasa ta yi sheƙi. Ya dirji jikinsa da soso kamar zai cire fatar, ya sa sabuwar shadda, ya juye kwalbar turare guda a kansa. Na shinshina, ya ce, "Ya?" Na ce, "Turaren yana ƙoƙari."

Anti ta shigo, ta tsaya a bakin soro. Na ga ta sauke gefen mayafin da ta riga ta kai hanci. Ta ja numfashi, ta sake ja, har ta ɗan yi murmushi. Kawu ya ga murmushin nan. Ya tsinko fure ya nufo ta da shi a tafin hannu. Yana matsowa mayafin yana komawa inda ya fito. Ta ja da baya har ta taka ƙafata.

Yayar ta ce, "To ke, ba ga shi ba? Gida kamar na gwamna. Sai ki shiga ɗakinki."

Anti ta ce a dai bari ta yi shawara.

Kawu ya ce wace shawara kuma? Ya fara lissafa mata: ya zama abin dariyar yara a titi, ya kwashi tsutsa da hannunsa, ruwan da zai sha ya ba itace. "Kin ce wari, na kashe wari. Kai, zo nan! Faɗa mata tsakaninka da Allah, akwai wari a gidan nan?"

Na ce, "A gidan? Babu, Kawu."

"Kin ji! Shi da ba ya raga wa kowa."

Yayar ta ce, "Ke ma ki ji tsoron Allah. Bawan Allahn nan me ya rage bai yi ba?"

Anti ta ce, "Yaya, ki bar ni, ba na son in yi magana."

Kawu ya ce sai ta yi. Ya ɗaga murya har Madam ta leƙo ta katanga, 'yan majalisa da suka biyo mu suka cika soro. Ya buɗe hannuwa yana nuna bishiyoyinsa, furen nan yana tafinsa har yanzu. "Ki faɗa a gaban kowa! In akwai inda bai yi miki ba a tsakar gidan nan, ki nuna, yanzu in gyara!"

Ta dube shi daga hula har takalmi, hannunta a kan hanci, ta ce, "Malam, tsakar gidanka ta yi ƙamshi, ban musa ba. Amma ni da tsakar gida aka ɗaura mini aure?"