Neman Jatau a Bakin Gulbin Yamai

Bari in rage muku wahala tun yanzu: in kuna neman wawan labarin nan, ga ni, ni ne. A shekarar da soja suka karɓi mulki, cikin bazara, ran wata Laraba da hantsi, aka sauke ni daga bayan kamyo, babbar motar kaya, a Yamai kamar buhun da ba a cika ba. Kawu Illo, yayan mahaifiyata, mai gadi a wani sito, ya kama hannuna muka gangara unguwarsu, Gamkalle. Muna karya kwana sai na ga ruwa. Ruwa a kwance, ba igiya, ba guga, ba mai tsaronsa, yana tafiyarsa. Na ja na tsaya na ce, “Kawu, wa ya zubar?” Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa matan da ke wanki, su ma suka kwashe. Mutanen birni sun ce ai gulbin ma ya janye a shekarar, duk yashi ya fito. Ni dai ban ga janyewa ba.

Ku yi mini uzuri, garinmu ƙauye ne a bayan garin Sarkin Hausa, inda in ka jefa tsakuwa a rijiya sai ka gama salati kafin ka ji faɗuwarta. Ba hannu ke jan gugarmu ba, Jatau ne, wani jan sa na mahaifina mai tabon lalas layi uku a kafaɗar hagu, wato ƙunar ƙarfen da aka yi masa lokacin da ya yi ciwo. Aikina kafin lakwal, wato makarantar boko, shi ne in ja shi mu yi nisa da rijiya har guga ta fito, mu juyo, mu sake. Na san numfashinsa fiye da karatuna, wanda dama bai taka kara ya karya ba. Da ruwa ya ƙi, rumbu ya ƙare, aka soma tsinkar ganye ana tonon gidan tururuwa don ƙwayar hatsi, ajinmu ya watse ba tare da kowa ya ce an tashi ba. Inna ta kwashi ƙannena zuwa wajen danginta a Tasawa. Ni aka ce Yamai. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika yi mini magana kai tsaye ba, “kai” ne, ko “yaron nan”. A tasha ma sai ya fuskanci direba ya ce, “A faɗa ma yaron nan, in Jatau ya sha ruwan kudu ya murmure, mu biyu za mu zo ɗaukarsa.”

Wani yaro zai gane lallashi ne. Ni na ɗauke ta yadda aka faɗe ta: mu biyu. Saboda haka tun daga washegari na ba kaina aiki, na zama mai duba shanun Gamkalle ba albashi. Da zarar Inna Hamsa, matar kawuna, Bazabarma mai faɗa da yawan abinci, ta ɗauke ido, sai in sulale ta lungunan laka, in wuce masallacin da ba rufi, in wuce mai soya ƙananan kifi, in bi ta gefen lambunan ganyen salati inda ake ban ruwa da gwangwani, har mashayar da ake gangaro da dabbobi. Duk jan sa sai na zagaya hagunsa. Makiyaya sun gaji da ni har suka bar kora ta. A nan na yi abokai, suka koya mini zagi da Zabarmanci kafin gaisuwa, suka koya mini zamiya a taɓo da satar hawa kwalekwalen Sarkawa in an ɗaure shi. Muna yin langa a kan yashin tsakiyar ruwa, muna tsallake zannuwan da masu wanki suka shanya suna bin mu da dutse. Iyo ne kawai na ƙi. Mutumin da aka raina da wanka da rabin ƙwarya ba ya shiga ruwa ya yi wasa da shi, sai in tsaya iya idon sawu ina jin kamar wani zai zo ya ce in biya.

Ƙarshen unguwar majema ce. Tun kafin ka gan ta hancinka ya isa. Ramuka ne jere cike da ruwan toka da na bagaruwa, mutane tsirara iya cibiya suna kankare gashi a kan turame, kuma a shekarar nan ƙiraga suka yi tudu, busassun fatun shanu da kamyo ke kawowa daga ko'ina, an jibge su sun fi katanga tsawo, ƙudaje na kuka a kai. A gindin itatuwan da ke tsakanin majema da ruwa kuwa mutane ne, waɗanda yunwa ta koro. Ba sa bara da baki. Suna zaune lulluɓe da tsumman gwado cikin zafin nan, ba motsi, sai in motar soja ta zo rabon jar dawa su miƙe a hankali su yi layi, soja na daka tsawa. Wani lokaci da safe a ga ɗaya bai miƙe ba. Abokaina suka gargaɗe ni, “Kada ka dubi fuskarsu, in ka duba sai sun biyo ka cikin barci.” Na riƙe wannan da kyau. In na zo wurin sai in sa kai ƙasa in ƙara sauri. Akwai mai cewa, “Kai, yaro,” da wata murya a shaƙe, kusan kullum. Ni kuwa sai gudu, ina cewa a raina aiken ruwa zai yi mini.

To, ubana ne. Na faɗa muku yanzu don kada ku ce na ɓoye. Daga baya na ji komai a bakin Baba Mati, wani tsohon majemi mutumin Tasawa. Jatau ya faɗi tun kafin su kai kudu, bai tashi ba, Baba ma bai samu ƙarfin feɗe shi ba. Ya iso Yamai rabi a ƙasa rabi a bayan mota, ya tambayi gidan Kawu Illo, aka nuna masa ƙofar, ya tsaya daga nesa ya dubi kansa. Mutumin da duk kaka yake aika wa yayan matarsa damman gero, yau ya yi sallama a gidan surukai ba riga, ba sa, ba komai a hannu? Ya juya ya koma gindin itace. Baba Mati ya ba shi aikin kai fatu ruwa a bakin tuwon rana, shi kuma Baba ya rantsar da tsohon kada ya faɗa wa kowa. Yana ganina ina wucewa na yi kumatu. Sai ya yanke shawara: tunda yaron na ci, shi zai bi masu tafiya Kurmi neman aiki, ba sai an gan shi ba. Ya ma yi magana da mai mota.

Ana nan, wata rana bayan azahar, aka sauke sabbin ƙiraga ina kusa. Ɗaya ya zamo daga tudun ya faɗi a buɗe. Ja ne. A kafaɗar hagu layi uku. Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Na rungume busasshiyar fatar nan mai wari ina ihu da Hausar ƙauyenmu, ina cewa Jatau ne, an kashe Jatau, kuma tunda mu biyu aka ce, to Baba ma ya mutu. Majema suka taru. Baba Mati ya ce, “Ɗana, saki, lalas ai kowa na yi.” Ya jawo wani ƙirgin ya buɗe, layi uku. Ya jawo wani, layi uku. Baƙi, fari, ja, duk da tabon wani mutum da ya yi ƙoƙarin ceton sansa. Maimakon in huce sai abin ya ƙaru, na ga kamar duk garuruwanmu ne aka feɗe aka jibge a nan. Na fizge na nufi ruwa da gudu, ni da ban iya iyo ba, ban kuma san me zan je yi ba.

“Haruna!”

Na tsaya cak, ruwa iya gwiwa. Muryar na sani, sunan ne ban taɓa ji a cikinta ba. Na waiwaya. Wani dogon mutum ya yar da gwado ya taho yana tangaɗi, haƙarƙarinsa a waje, gemunsa ya yi fari, wuyansa kamar na zalɓe. Da ya iso bai rungume ni ba, kunnena ya kama ya fito da ni tudu. Wannan ne karo na farko da ya kira sunana, kuma har ya koma ga Allah bai sake ba. Motar Kurmi ta tafi ba shi. Da yamma Kawu Illo ya zo da tasa rigar a hannu, suka gaisa kowa na kallon ƙasa, Inna Hamsa na kuka tana zagin mazan Hausa gaba ɗaya.

Na koma Gamkalle da tsufana, jikana ya ɗauke ni a babur. Gidajen siminti sun cinye lungunan, itatuwan babu su, warin majema ne kaɗai ya gane ni. Yanzu uba kan danna waya ya kira ɗan farinsa da suna, har da na gata, ba wanda ya faɗi ya mutu. Ban ce sun yi laifi ba. Ni dai har yau in na ga mutum zaune a bakin hanya ya lulluɓe kai, sai na rage tafiya na leƙa, jikoki na cewa tsoho ya soma ruɗewa.

Amma a ranar ban yi wannan hankalin ba. Ina tsaye ina ɗigar ruwa, kunnena na zafi, jama'a sun kewaye mu, sai na ga ya kamata in wanke kaina a gaban abokaina. Na share majina na ce da ƙarfi, ai dama ni na san Baba na kusa, tun da na ga fatar nan jikina ya ba ni. Baba Mati ya tofar da goro, ya dube ni sama da ƙasa.

“Rufa mana baki, ɗan lakwal. Ka gane san da ba naku ba a mace, uban da ke naka da ransa kullum kana wuce shi da gudu.”