Piyano Mai Lamba 47

Shekara goma sha tara ina riƙe da rajistar kaya a wata lakkwal, wato makarantar koyon kiɗa, da ke unguwar Gaweye, kuma ban taɓa haɗuwa da mutum mai baƙin rai kamar Abdoulkarim mai gyaran piyano ba.

A unguwar Kalley aka haife shi, ɗan kafinta. Yana saurayi ya bi wani tsoho ɗan Togo mai gyara wa Turawa piyano, ya ɗauki akwatin kayansa shekara takwas. Da Turawan suka ragu, piyano ma suka ragu, sai ya koma gyara wa teloli keken ɗinki a bayan babbar kasuwa. Daga ƙarshe piyano ɗaya tak ya rage a hannunsa, wato namu, tsoho, irin na tsaye, lamba 47 a rajistata. Sau biyu yake zuwa a shekara, bayan damina da tsakiyar bazara. Ba ya gaida kowa. Ya buga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a gwiwa, ya kara a kunne, sa'an nan ya sa a kashe fanka, ko da zafi ya kai a soya ƙwai.

Dokarmu ita ce, duk ƙarshen damina a shafa wa duk ƙarfen da ya yi tsatsa mai: ƙofofi, kwaɗo, na'urar buga takardu. A watan Oktoba na bara na buɗe saman piyanon, na ƙirga ƙusoshin da wayoyi ke naɗe a kansu, ɗari biyu da ashirin da biyu, duk sun yi ja. Na sa Buba direba ya ɗiga musu man mota, na rubuta ranar.

Bayan mako uku sauti ya zube. Ka danna, ka ji kamar ana jan tsohon guga. Darakta ta ce komisiyon binciken kayan lakkwal zai zo ran ashirin ga Nuwamba. Idan piyanon bai tsaya ba, a soke shi daga rajista, a miƙa wa 'yan tsohon ƙarfe na kasuwar Katako.

Abdoulkarim ya zo, ya ɗaga murfin, ya shinshina.

"Wane ɗan kanikanci ne ya yi wannan?"

"Doka ce," in ji ni. "Ga ta a rubuce."

"Mushe Nassirou, ƙusar nan katako ne ke riƙe ta, da ƙarfin matsi kawai. Ka sa mata mai, me zai riƙe ta? Takardarka?"

"Da ka bar bayani a rubuce, da ba a yi ba. Shekara nawa ina ba ka kaye, littafin bayanin aiki, ka cike, kana ƙi?"

"In rubuta kada a zuba mai a piyano? In ƙara da kada a daka gero a kai?"

Buba ya yi dariya, na kore shi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aiki, ya rufe shagonsa, teloli na ta aiko masa da zagi. Yana cire ƙusa, ya goge ramin da tsumma da ruwan alkol mai cire mai, ya cusa siririn ɓawon katako, ya mayar. Kowace safiya ina rubuta adadin da ya gama, shi kuma yana cewa in matsa, numfashina na hana shi ji. Ban musa ba, ya iya aiki. Ran goma sha tara da la'asar ya danna madannai uku tare, sautin ya cika ɗakin, mai zurfi, har masu shara suka tsaya a taga.

Amma man ya riga ya shige cikin katakon. Washegari, shugabar komisiyon, Madam Haoua, ta zauna ta fara kaɗawa. Sautin madannan tsakiya ya tsaya daidai. Da hannunta ya gangara hagu, sai muka ji wata ƙusa ta saki, sauti ya sulale ƙasa kamar kukan saniya. Wata ta bi ta. Ta rufe murfin, ta dube ni. Na ja layi a kan lamba 47.

Da masu kura suka zo ɗauka, Abdoulkarim ya hana su kwantar da shi. Ya sa suka ɗaure shi a tsaye, ya bi su a ƙasa yana tallafe da gefe ɗaya. A bakin ƙofa na miƙa masa takardar fitar da kaya ya sa hannu a matsayin shaida. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ka shafa mata mai," ya ce, "ko za ta sa wa kanta hannu."

Na rubuta: ya ƙi.